Laftof ɗina ba ta ɗaukar Windows 11: in na koma Linux, ya zan yi da gem ɗin ƙanena?

Baban Ummi, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa abin da hannunsa ya yi magana. Ina da laftof ta gwanjo da na saya a Computer Village shekara 4 da suka wuce, Core i5 ƙarni na 7, RAM giga 8, ba ta da katin garafik daban sai na Intel da ke cikinta. Da ita nake lissafin shago, da ita nake shiga banki. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da aka daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro hankalina bai kwanta ba, ita kuma Windows 11 sai ƙarni na 8 zuwa sama take karɓa. An ce in ɗora Linux Mint, wato tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ke maye gurbin Windows. Ni a karan kaina ba ni da damuwa. Damuwata ƙanena ne da Baba ya turo min daga Funtua yana karatu a nan. Yaron ba ya yawo, ba ya zaman majalisa. In ya dawo makaranta ya gama taya ni a shago, hutunsa kenan ya buga ƙwallo ko tseren mota a laftof ɗin nan. A Legas yaron da ke zaman ɗaki da daddare ni'ima ne, ba na so in raba shi da abin da ke zaunar da shi. To gem na tafiya a Linux? In yana tafiya, a ina ake sayen na gaskiya daga nan?

Ɗan Yaba: Wa alaikumus salam Yaya. Da a shekarar 2015 ka yi wannan tambaya da sai in ce ka haƙura. Yanzu zance ya canza. Kamfanin Valve, masu kasuwar gem ta Steam, sun kawo Steam kan Linux tun 2013, amma a lokacin gem ɗin da aka gina wa Linux ne kaɗai ke tashi, kuma ba su da yawa. A watan Agusta 2018 suka fito da Proton, wanda suka ɗora a kan wata tsohuwar manhaja mai suna Wine da ake ginawa tun 1993. Ka ɗauke shi kamar tafinta a kasuwar Mile 12: mai tumatir na Hausa, mai saye na Yarabanci, wani a tsakiya yana juya magana nan take har a yi ciniki. Gem ɗin Windows da yaren DirectX yake neman hoto, Linux kuma Vulkan take ji, Proton ne ke juyawa. Kai dai ka danna, ya tashi.

Abin da ya ƙara wa lamarin ƙarfi shi ne Steam Deck, ƙaramar na'urar gem ta hannu da suka fitar a Fabrairu 2022. Linux ce a cikinta. Tunda kuɗinsu ya rataya a kai, dole su riƙa gyara kullum. Kafin ka sayi kowane gem, ka shiga shafin ProtonDB ka rubuta sunansa. Waɗanda suka gwada ne ke ba da rahoto. Platinum ko Gold, ka saya hankali kwance. Borked kuwa kada ma ka ɓata datarka.

Sarkin Ƙwallo, Mile 12: Ɗan Yaba ka iya zance, amma ka faɗa wa bawan Allahn nan ɗaya ɓangaren. Shekara 9 ina riƙe da gidan gem. Yaran da ke shigowa wajena abu huɗu suke tambaya: FC na ƙwallo, Call of Duty, Fortnite, GTA na intanet. Wanne ne a ciki ke tashi a Linux ɗinka? Ka amsa tsakani da Allah.

Ɗan Yaba: Ko ɗaya, Sarki. Ba zan ɓoye ba. Ka ƙara da Valorant da PUBG na kwamfuta. Apex Legends ma da yana tafiya, masu shi suka rufe ƙofar a ƙarshen 2024. GTA V kuwa labarin da kake bugawa kai kaɗai yana tafiya, na intanet ɗin ne ya tsaya tun Satumba 2024.

Amma a san inda gizo ke saƙa. Ba ƙarfin Linux ne ya gaza ba. Waɗannan gem suna zuwa da manhajar hana maguɗi, wasu daga cikinsu sai sun shiga can cikin zuciyar Windows sun zauna suna sa ido kan duk abin da ke motsi a kwamfutarka. Tafinta ba zai iya juya wannan ba. Wasu kuma manhajar tasu tana da hanyar aiki da Proton, masu gem ɗin ne suka zaɓi kada su buɗe. Counter-Strike 2 da Dota 2 ana buga su da jama'a a intanet, kyauta ne, kuma kai tsaye aka gina su don Linux.

Sarkin Ƙwallo, Mile 12: To ka ji. Ko laifin waye, yaro dai ba zai buga ƙwallonsa ba. Shi ya dame shi da wa ya rufe ƙofa?

Mai Gyara, Otigba: Ku dakata, kuna jayayya a kan abin da bai taso ba. Baban Ummi, injinka ko Windows 11 aka matsa mata ta dole, ba za ta ja FC na bana ba. Garafik ɗin Intel na ƙarni na 7 ba na wannan aikin ba ne. Na tabbata abin da ƙanenka ke bugawa tsohon PES ne na ƙwallo da irin su Need for Speed na da. Haka ne?

Baban Ummi, Agege: Haka ne ranka ya daɗe. PES 2017 ne da wani na mota. A filash wani abokinsa ya ba shi.

Auta, Alaba: To ai magana ta ƙare Yaya. Su ma suna tashi a Linux ta hanyar manhajar Lutris, na ɗora wa mutane da yawa. Ka kawo rumbun ajiyarka in cika maka da gem, kuɗin ruwa kawai za ka ba ni. Wa zai tsaya sayen gem da dala a wannan marra?

Mai Gyara, Otigba: Auta, a nan ne zan saɓa da kai, kuma ba don in kashe maka kasuwa ba. Watan jiya wani mai POS ya kawo min laftof, idonsa ja. Ya ce fanka na ta kuka ko bai buɗe komai ba, kuma an shiga imel ɗinsa an canza kalmar sirri. Na buɗe na duba abubuwan da ke tashi tare da injin, sai ga wani fayil da ba shi da suna na kirki yana zaune a babban fayil ɗin wani gem da aka yi wa kirak, wato aka fasa makullinsa don a buga ba tare da an biya ba. Mai kirak ɗin ya rubuta a takardar umarni cewa a kashe riga-kafin kwamfuta kafin a ɗora, shi kuma ya kashe. Duk kalmomin sirrin da ya adana a burawuza an kwashe. Muka kwana biyu muna canza su ɗaya bayan ɗaya, yana zaune kan bencina ko abinci ya kasa ci.

Kuma kada wani ya ce ai a Linux ba komai. Wine ba keji ba ne. Abin da ka tayar ta cikinsa yana iya ganin fayilolinka kamar yadda kai kake ganinsu. Mutumin da ya cire Windows saboda tsoron kada a shiga bankinsa, ya dawo ya zuba kirak a kan injin ɗin, ai an gudu ne ba a tsira ba.

Auta, Alaba: Oga na ji, kuma na san ana samun irin wannan. Amma ku ma ku ji tawa. Sabon babban gem dala 60 ne zuwa 70. Kafin Yuni 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, a ƙarshen 2025 kuwa ta haura 1,400. Ku buga lissafi, gem ɗaya ya tasam ma dubu 100. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa dubu 70 ne. Steam ba ta karɓar naira, farashin da Ba'amurke zai biya shi za ka biya. Sannan PES 2017 ɗin da ake magana, ko kana da kuɗin ba za ka same shi a Steam ba, an cire shi. To wa na cuta?

Malam na Obalende: Auta ɗana, maganarka ta tsada gaskiya ce, babu mai musu. Amma tsadar abu ba ta mayar da shi naka. Ni tela ne kafin in zama komai, shekara 30 ina kan keke a Ikko. Na san zafin ka kwana kana aiki a kan riga, wani ya ɗauka ya ce ai ta yi tsada ne shi ya sa bai biya ba. Masu yin wasannin nan ma mutane ne, wasu su biyu ne ko uku a ɗaki. Abin da ba ka da halinsa ka bar shi, ka nemi wanda kake da hali. Ba abinci ba ne da za a ce lalura.

Auta, Alaba: Allah ya gafarta Malam, na karɓi ta ƙananan masu gem. Amma wanda mai shi ya daina sayarwa fa? Ni a nan har yanzu zuciyata ba ta ga wanda aka zalunta ba.

Ɗan Yaba: Auta ya taɓo wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya, gara a faɗe shi. Ko a Steam, in ka biya, izinin bugawa ka saya, ba gem ɗin kansa ba. Su da kansu tun 2024 suke rubuta haka a wajen biya. Akwai gem ɗin mota mai suna The Crew, a ƙarshen Maris 2024 aka kashe sabarsa, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba ya tashi. Shi ya sa ni in gem yana GOG, can nake fara dubawa. Kasuwa ce ta ƙasar Folan, gem ɗinsu babu makulli. Ka biya, ka sauke fayil ɗin ɗorawa, ka ajiye a rumbunka. Ko babu intanet, ko bayan shekara 10, naka ne. Ga mu da data ke da tsada kuma layi ke yankewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Linux da manhajar Heroic ake shiga GOG, da ita kuma ake shiga kasuwar Epic, waɗanda duk Alhamis suke ba da gem kyauta, halal ɗinka, in ka karɓa ya zauna a asusunka.

Maman Khalifa, Idi-Araba: Ku gafarce ni in sa baki, don duk kun tafi wajen manyan gem kun manta da wanda ke gabanku. Ni malamar firamare ce, Mint nake amfani da ita shekara 2, a kan injin da bai kai na Baban Ummi ba. A cikin ma'ajiyar manhajojinta akwai gem da masu su suka sake wa duniya kyauta. Yarana SuperTuxKart suke yi, tseren mota ne, mutum biyu na iya bugawa a allo ɗaya. Babban yana son 0 A.D., inda ake gina gari a tara mayaƙa irin na daulolin da. Ƙaramar kuma GCompris, da shi ta koyi riƙe linzami da ƙirga. Babu talla, babu wanda zai ce a sa kati a sayi riga ko bindiga. Wannan na ƙarshen shi ya fi kwantar min da hankali, don na ga yadda gem ɗin waya ke jan yara su riƙa roƙon kuɗi.

Abu ɗaya zan roƙe ka Baban Ummi: ka buɗe wa yaron nasa asusun daban a kan injin, kada ka ba shi kalmar sirrin mai gida. Ba don rashin yarda ba. Haka ko ya ɗauko wani abu marar kyau, fayilolin shagonka suna gefe.

Baban Ummi, Agege: Hajiya wannan shawara ta shige ni, Allah ya saka. To batun biya fa? In na ga na dala 5 ina so, ta ina kuɗin zai bi?

Mai Gyara, Otigba: Akwai lokacin da bankuna suka tsayar da biyan kuɗin waje da katin naira, amma a tsakiyar 2025 wasu sun dawo da shi, da iyakar abin da za ka kashe. Ka tambayi bankinka ko katinka na ciki. In ba ya ciki, akwai katin dala na manhajojin waya, sai dai ka duba kuɗin caji kafin ka zuba. Abubuwa biyu ka guje musu. Na farko masu cewa za su sayar maka da asusun Steam cike da gem a kan dubu 5. Asusun na mai imel ɗin farko ne, ran da ya ga dama ya karɓe abinsa. Na biyu sauya ƙasa da VPN don samun araha, ya saɓa dokar Steam, suna iya taƙaita asusunka. Araha ba ta ado.

Ɗan Yaba: Kuma kada ka sayi komai a cikakken farashi. Ka zuba waɗanda kake so a jerin buri, ka jira babban rangwame na ƙarshen Yuni ko na ƙarshen Disamba, ga shi ya kusa. Tsofaffin gem masu kyau irin su Portal 2 sukan faɗo ƙasa da dala 2. Sannan ga garkuwarka: in ka saya bai tashi ba, Steam na mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga awa 2 ba. Don haka ranar da ka sauke, ranar za ka gwada.

Sai batun data, wanda Turawan da ke koyar da abin nan a YouTube ba sa kawowa don bai dame su ba. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a farkon 2025, kowane mega da lissafi. Steam a Linux tana yawan sauke wasu fayilolin hoto da aka riga aka sarrafa don gem ya yi santsi. Ni sai da na ga datata na zurarewa ba tare da na sauke komai ba kafin na gano. Ka shiga saiti, ɓangaren saukewa, ka kashe shi, ka kuma hana gem sabunta kansa sai ka buɗe shi. Farkon wasa zai ɗan riƙa tsinkewa, daga baya ya daidaita. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukewa kada ka damu, daga inda ya tsaya yake ci gaba. In kuma abokinka na da gem ɗin da kai ma ka saya, kwafi fayilolin daga wajensa, Steam za ta duba ta cike abin da ya rage. Sai dai kada ka bar gem a rumbun da aka tsara da NTFS na Windows, Proton na yawan rigima da shi.

Sarkin Ƙwallo, Mile 12: Kun ga abin da nake faɗa? Kashe wannan, kunna wancan, kada ka ajiye a nan. Mutum ya dawo daga cunkoson Oshodi a gajiye kuma ya zauna karatun saiti. Masu Linux a Steam 'yan kaɗan ne, akwai dalili. Kuma Baban Ummi, ba a ce yau-yau za ka tashi ba. Akwai tsarin ƙarin gyaran tsaro na Windows 10 har Oktoba 2026, ka yi rajista ka samu shekara guda kana tunani.

Mai Gyara, Otigba: Wannan gaskiya ne, Sarki, amma bayan shekarar fa? Injin lafiyarta ƙalau, ba zai jefar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da nake yi wa masu zuwa wajena: a sa Mint a filash mai giga 8, a tayar da injin daga filash ɗin ba tare da an taɓa Windows ba. A duba wayafai, sauti, firinta, shafin banki. In komai ya yi, a kwashe fayiloli a ajiye a waje, sannan a ɗora. Sa'ar da ka yi ita ce garafik ɗin Intel da AMD direbansu na cikin Linux tun asali, ba ka buƙatar neman komai. Masu NVIDIA ne ke ɗora direba daban.

Malam na Obalende: An kira Magariba a nan. Baban Ummi, duk wanda ka zaɓa, ka yanka wa yaron lokaci. Allah ya yi masa albarka.

Baban Ummi, Agege: Salam 'yan uwa, na dawo da bayani bayan kwana 12. Na bi ta filash kamar yadda Mai Gyara ya ce, komai ya yi, har firinta ta kama da kanta. Na ɗora Mint, na buɗe wa yaron asusunsa. Lissafin shago na buɗe shi da LibreOffice, sai wani shafi ɗaya da layukansa suka ɗan goce na gyara.

Da rangwame ya zo na saya masa Euro Truck Simulator 2 a kan dala 5, katin naira ɗina ya wuce a karo na biyu. Dare biyu muka yi muna saukewa da datar dare. Sai da muka rage ingancin hoto sosai, kuma in ya shiga cikin gari yakan ɗan yi nauyi, amma a kan babbar hanya lafiya lau. Abin da ban zata ba: Kawunmu da ke jan tirela daga Apapa zuwa Kano ya kwana wajenmu ranar Juma'a. Ya tsaya a bayan yaron yana kallo yana ƙoƙarin yin ribas da bodi, ya kasa haƙuri ya ce, "Kai, juya sitiyarin ɗaya gefen, bodi ba ya bin kai in ana baya!" Ya ja kujera ya zauna. Har ƙarfe 11 suna nan, yana nuna masa yadda ake duba madubi, yana ba shi labarin hawan Jebba da kaya. Ban taɓa ganin sun yi hira mai tsawo haka ba.

Ƙwallo kam babu. Na faɗa masa gaskiya ba zan mayar da na filash ɗin kan injin da nake shiga banki ba. Bai ce komai ba, amma na ga abin a fuskarsa, kuma ya dame ni. Sarki, nawa kake karɓa a awa?

Sarkin Ƙwallo, Mile 12: Ka bar maganar kuɗi, Yaya. Ka turo shi ranar Asabar bayan La'asar, kafin yaran kasuwa su cika wurin. Ya ce daga wajen Baban Ummi yake, zan ajiye masa hannu ɗaya.

Auta, Alaba: Ɗan Yaba, Heroic ɗin nan da ka ce, a ma'ajiyar Mint zan same shi ko sai na je shafinsu? Gobe Alhamis, ina so in ga me za su bayar.